Duba lambar shekaru kafin yaro ya kunna wasa

Faifan wasannin PlayStation da ke shigowa Yamai daga Faransa suna ɗauke da tambarin PEGI, tsarin Turai na tantance shekarun masu wasa, a jikin kwali: 3, 7, 12, 16 ko 18. Lambar tana nuna shekarun da wasan ya dace da su, ba wahalarsa ba. GTA V, wanda yara ke rububinsa a ɗakunan wasa, 18 ne. Juya bayan kwalin: dunƙulen hannu na nufin faɗa, gizo-gizo abin tsoro, sirinji kuma ƙwaya.

A wayar Android, shiga Play Store, buɗe Paramètres, sai Famille, sai Contrôle parental, ka sa lambar sirri, ka zaɓi iyakar shekaru. Sai dai wannan makulli ba ya tare wasan da aboki ya tura ta Xender, don haka riƙa leƙa wayar da kanka.