Yamaha Virago: yadda za ka gane ƙarfinsa da lahaninsa kafin ka zuba kuɗi

Yamaha ta daina ƙera manyan Virago tun ƙarshen shekarun 1990, amma har yau akan ci karo da su cikin tsofaffin baburan da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Babur ne na zaman ƙasaita: sirdi ƙasa-ƙasa, hannu a ɗage, inji mai silinda biyu a tsakiya kamar baƙin V. Cikin injin kan yi shekaru bai nemi a buɗe shi ba. Abubuwa uku ne ke jingine Virago a lungu har ƙura ta rufe shi: sitata, robobi da waya. A kansu ya kamata idonka ya tsaya.

Fara da sanin wane zubi ne a gabanka, domin sunan ɗaya ne amma halin ya bambanta. XV750 ya fito a 1981, XV920 ya biyo shi a 1982. Waɗannan na farko, zuwa 1983, shakazoba ɗaya gare su a baya, a ɓoye. Daga 1984 aka sauya fasali, aka koma shakazoba biyu da ake gani a fili. A 1983 gwamnatin Amurka ta ɗora haraji mai nauyi kan baburan waje da suka haura 700cc domin kare Harley-Davidson, shi ya sa Yamaha ta rage injin XV750 zuwa 699cc ta kira shi XV700. XV1000 ya zo a 1984, XV1100 mai 1063cc a 1986, sannan 750 ya dawo a 1988. Daga baya jerin V Star, wanda wasu ƙasashe ke kira DragStar, ya gaje su. Kada ka dogara da bakin dillali kan shekara. Leƙa baya ka ƙirga shakazoba, ka kuma duba lambar jiki a wuyan babur.

Abin da aka yi daidai a ƙirarsa a fili yake. Iska ce ke sanyaya injin, babu lagireto balle ruwan da zai yoyo. Kowace silinda bawul biyu gare ta, ana saita su da sifana da sukudireba. Giya biyar ce, kuma ƙarfin yana zuwa tun daga ƙasa, ba sai ka murɗe totur ba. Babbar falalarsa ita ce babu sarƙa: furofela ce ke juya tayar baya, a rufe cikin mai. Wanda ya san yadda ƙurar hunturu da yashi ke cinye sarƙa da sifaket zai fahimci darajar wannan. Man bayan kusan lita 0.2 ne kacal na man giya SAE 80, kuma idan ana canja shi a kan kari, wurin ba ya ba da wahala.

Sai sitata, inda sunan Virago ya ɓaci. Babur ɗin ba shi da kik, don haka idan sitata ta ƙi, sai turi, ga nauyin da ya haura kilo 200. A zubin 1981 zuwa 1983, da XV700 na farko-farko, babu abin da ke tura haƙorin sitata da ƙarfi ya shiga na filawil. Haƙorin yana hawa ne kan wani sanda mai murɗaɗɗen zare, wata 'yar waya mai siffar kofaton doki tana ɗan riƙe shi don ya zame gaba ya kama. Idan wayar ta saki, ko batir ya yi sanyi, haƙoran sai su riƙa gogar juna ba su kama ba. Ƙarar da za ka ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Kowace irin wannan ƙara tana ɓantarar ƙarfe, ɓarɓashin kuma cikin baƙin mai yake faɗawa, domin haƙoran a cikin murfin inji na hagu suke. Akwai kuma wani zoben haƙora a cikin ita kanta sitatar da ke zamewa maimakon ya tsaya cik, sai ka ji tana juyi a banza.

Gwajin a kan inji mai sanyi ake yinsa. Taɓa silinda da hannu. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, ka dawo wani lokaci. Ɗora mitar awon wuta kan batir: ya nuna wajen volt 12.6 a kashe, kada ya faɗi ƙasa da 10 yayin da sitata ke juyi. Tayar, kashe, sake tayarwa, sau biyar ko shida. Kamawa ɗaya ba shaida ba ce.

Gyaran daga mai sauƙi ake farawa. Sabon batir mai ƙarfi da goge kawunan wayoyi, musamman wayar da ke zuwa jikin inji, kan rage matsalar sosai. Idan ƙarar ta ci gaba, a juye mai, a cire murfin hagu, a duba haƙoran. Wanda bakinsa ya dakushe canja shi ake yi, gogewa da fayil ɓata lokaci ne. A matse wayar kofaton ko a sa sabuwa, a sa siririyar wosha ta danne zoben cikin sitata ya daina zamewa, a mayar da murfi da sabon gasket. A XV1000, XV1100 da 750 na 1988 zuwa sama, Yamaha ta sa solinoyid da ke tura haƙorin da kansa. Za ka gan shi manne da sitata a ƙasan gaban inji. Wanda yake da zaɓi ya nemi waɗannan, shi ne shawarar da ta fi kowacce amfani.

Kafireto biyu ne, a matse tsakanin silindu, kuma iska ta cikin ƙashin bayan babur take bi ta iso gare su. Dabara ce mai kyau a takarda, amma fitar da su aiki ne na haƙuri. Na farko Hitachi ne, daga 1988 aka koma Mikuni, wanda kayansa suka fi samuwa. Robar da ke haɗa kafireto da silinda takan tsage saboda zafi da tsufa, iska ta riƙa kutsawa. Alamarta silo mai hawa da sauka, da tas-tas a salansa idan ka saki totur. Bar injin a silo ka fesa maganin wanke kafireto a kan robar. Idan sautin ya canja, ta tsage. Kada bakanike ya taɓa sukurin mai kafin a canja ta, in ba haka ba zai ɓata saiti kan cutar da ba a can take ba. Silo daidai yana wajen juyin inji 1,000 a minti. Silindar baya ta fi shan zafi don ta gaba ta tare mata iska, saboda haka fuloginta ya fi faɗin gaskiya: fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan. Fulogin NGK BP7ES ne ko BPR7ES, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8.

XV1000 da XV1100 suna da ƙaramin tanki na biyu da famfon mai na lantarki. Idan ka murɗa makulli ka saurara, za ka ji famfon yana ƙyas-ƙyas na 'yan daƙiƙu. Tsatsar tanki kan toshe shi, don haka haska tocila cikin tanki, ka kuma canja tiyo da filtar mai tun ranar farko.

A ɓangaren wuta, na'urar daidaita caji tana ƙasa kusa da salansa, zafi na dafa ta. Ba da wuta zuwa kusan juyi 3,000 a minti, mita a kan batir ta nuna wajen volt 14. Idan ta tsaya a 12 ba ya caji, idan ta wuce 15 batir zai ƙone. Babur da ke mutuwa idan ya yi zafi ya kuma tashi bayan ya huce, a duba akwatin TCI da ke ba fulogi wuta, dalmar cikinsa kan tsattsage.

Wajen sabis, bawul a inji mai sanyi: na shiga 0.07 zuwa 0.12, na fita 0.12 zuwa 0.17 na milimita. Baƙin mai kusan lita 3, irin na babur, domin na mota mai yawan santsi kan sa kuloci zamewa. Jar fitilar mai yawansa take aunawa, ba ƙarfin bugunsa ba, shi ya sa takan ƙifta idan ka ja da ƙarfi man kuma ya ɗan ragu. Ka tsaya a kan bakanike lokacin sa filtar baƙin mai: tana shiga ko ta wace fuska, amma idan aka juya ta, mai ba zai hau kan silinda ba, kuma cikin ɗan lokaci kan injin ya lalace. Ɗauki hoton tsohuwar kafin a zare ta, a sa sabuwar daidai yadda take.