Darasi na 6: Turancin da ke jikin kwalin magani

To jama'a, kowa ya fito da kwalin maganin da na ce ya zo da shi, ko na farasitamol ne ko na sirof ɗin yara, yau shi ne littafinmu.

Wasu kalmomin ai bakinmu ya riga ya saba da su, capsule shi ne kafso, syrup shi ne sirof, tablet kuma ƙwaya, waɗannan ba sai mun tsaya a kansu ba. Dose shi ne adadin da za a sha a lokaci guda. Twice daily sau 2 a rana kenan, amma ba wai ka sha da hantsi ka ƙara da azahar ba, ana so a bar tazarar kamar awa 12 a tsakani.

Yanzu ku juya kwalin ku nemo EXP. Gajeren expiry ne, wato lokacin da magani ke tashi daga aiki. In ka ga EXP 08/2027, 08 ɗin nan wata ne ba rana ba, watan Agusta na 2027. MFG ko MFD kuwa lokacin da aka haɗa shi ne, mutane da yawa nan suke rikicewa su ga tsohuwar shekara su zubar da magani mai kyau. A kusa da su za ka ga lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don sa ido kan abinci da magunguna.

Akwai biyu masu kama da juna da ni kaina nake jin tsoronsu, teaspoon da tablespoon. Na farko cokalin shayi ne, mililita 5, na biyu mililita 15, kun ga ninki 3 kenan, in uwa ta karanta a gurguje sai ta ɗura wa yaro maganin sau 3 a tashi ɗaya. Kuma cokulan gidajenmu kowanne da girmansa, gara a yi awo da ɗan murfin da ke zuwa da kwalbar.

Suspension fa? Duk mai ɗa a makarantar boko ya san shi, an dakatar da yaro kenan. To a jikin kwalba ba haka yake nufi ba, magani ne da garinsa ke kwantawa a ƙasa, shi ya sa ake rubuta shake well, girgiza sosai, in ba ka girgiza ba ruwan sama kawai yaron zai sha.

Sai manyan, waɗanda ko mai sakandare sai ya yi inda-inda. Suppository ba a haɗiye shi, ta dubura ake sa shi. For external use only na shafawa ne a jiki, kar ya shiga baki. Expectorant maganin tari ne mai fito da majinar ƙirji. Drowsiness gyangyaɗi ne, direbobi da 'yan acaba ku riƙe wannan da kyau. Contraindication, kai wannan ko faɗarsa aiki ne, a ƙarƙashinsa ake jera waɗanda bai kamata su sha maganin ba, in ka ga pregnancy a wurin to mai ciki ake nufi, sai ta tambayi likita.

Aikin gida: kowa ya kwafo EXP na magunguna 3 da ke ɗakinsa, ya rubuta sunan watan da Hausa, wanda lokacinsa ya wuce a taho da shi aji.