Littafi ya cika, yaro bai iya ba: kurakuran da ake yi wajen kafa hujja da aikin ɗalibai da na malamai

Idan jami'in duba makarantu ya taso daga SUBEB, hukumar jiha mai kula da ilimin matakin farko, a Birnin Kebbi, ko daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, abin da ake jera masa a tebur sananne ne: rajista, sikim (jerin darussan zango mako-mako), dayari (inda malam ke rubuta abin da ya koyar), lesin not (shirin darasi), takardar makin CA (gwaje-gwajen cikin zango), sai tulin littattafan rubutun yara. Kowanne yana da amfaninsa. Sai dai mafi yawansu abin da suke tabbatarwa shi ne malam ya shiga aji. Tambayar da ake so su amsa kuwa ita ce: me yaron nan ya iya yau, shi kaɗai, wanda bai iya ba wata uku da suka wuce? A nan ne ake yawan tuntuɓe.

Ɗaukar kwafin allo a matsayin aikin yaro

Wannan ne babba. A buɗe littafin ɗan aji 4, a ga shafi ashirin cike da rubutu mai kyau a kan sassan tsiro, kowa ya ji daɗi. A ɗauko na wanda ke zaune kusa da shi, kalma ɗaya ba ta bambanta ba, har da kuskuren da malam ya yi a allo. Akwai yaran da hannunsu ya faɗa da zana haruffa, amma da za a ɗora yatsa a kan layin da suka rubuta a ce su karanta, sai su sunkuyar da kai.

Gyaran ba ya buƙatar sayen sabon littafi, don iyaye da yawa da ƙyar suka sayi ɗayan. A raba wanda ke hannu gida biyu: daga gaba a riƙa kwafar bayanin darasi, daga baya kuma, a juya littafin, a riƙa yin aikin da yaro ya yi da kansa. Aƙalla sau ɗaya a mako a goge allo tas, a ba da aikin minti goma wanda amsarsa ba ta cikin abin da aka kwafa. Misali, jimla biyar a kan yadda ake dashen shinkafa a fadama, ko lissafi uku da ba a taɓa yi a aji ba. A saman shafin a sa harafi ɗaya: K in shi kaɗai ya yi, T in an taimaka masa, R in aikin rukuni ne. Mai K ne kawai ake kafa hujja da shi.

Aikin gida kuwa a bar shi a matsayin atisaye. Ba a san hannun da ya rubuta shi ba. Sau da yawa na yaya ne.

Jan biron da ba ya cewa komai

Alamar daidai, alamar kuskure, 4/10, "ƙara ƙoƙari", sa hannu. Haka ake duba mafi yawan littattafai. Makin ya nuna yaro ya faɗi shida, amma bai nuna abin da ya kayar da shi ba, alhali amsar da ba daidai ba ta fi ta daidai ba da labari.

Ga misali. An ce wani manomi a Aliero ya cika buhu 71 na albasa, ya sayar da 38, nawa suka rage? Amsa 33. Yaron da ya rubuta 47 bai san aro ba sam: ya ga 1 da 8, sai ya cire ƙarami daga babba ya sami 7, ya cire 3 daga 7 ya sami 4. Wanda ya rubuta 43 ya san aro, ya cire 8 daga 11 daidai, amma ya manta ya rage ɗaya a gidan goma-goma. Wanda ya rubuta 109 lissafinsa lafiya lau, tambayar ce bai gane ba, ya tara maimakon ya ɗebe, kuma mai yiwuwa matsalarsa karatu ce. Yara uku, sifili uku a takarda, magani uku daban-daban. Na farko sai an koma da shi kan tsinke da ƙunshin goma-goma. Na biyu tunatarwa ta minti biyu ta ishe shi.

Shi ya sa zaɓen tambaya ma sai da lura. Da 52 a ɗebe 27 aka bayar, da wanda bai san aro ba da wanda ya manta ragewa duk 35 za su rubuta, malam ba zai iya bambanta su ba. Kafin a ba da tambaya, malam ya gwada yin ta da kuskuren da ya san yara suna yi, ya ga ko kowane kuskure zai fito da amsarsa daban. Kuma a hana yara yin lissafi a gefen benci ko tafin hannu su kawo amsa tsura. Hanyar da aka bi ita ake son gani a shafin.

Malamai za su ce aji ya yi yawa, kuma gaskiyarsu. Mai yara 80, in ya ba kowane littafi minti uku, awa huɗu ke nan a kan aiki ɗaya. Ba mai iya wannan kullum. Abin da zai yiwu shi ne a kasa ajin kashi huɗu: kowane mako a duba littattafai 20 da kyau, a rubuta wa kowane yaro abu ɗaya tak da zai gyara, sauran 60 a yi musu gyaran bai-ɗaya a allo su duba da kansu da fensir. Cikin mako huɗu an zagaye kowa. Sannan a bar layi biyar a ƙasan aikin don yaro ya sake yi. In ba a ga inda ya sake gwadawa ba, babu shaidar cewa gyaran ya shiga.

Barin malam ko monita ya zaɓo littattafan da za a duba

"Malam, a kawo mini littafi biyar." Na 'yan bencin gaba za a kawo, kuma ba laifin kowa ba ne, kowa zai so a ga na kirki. Hedimasta ya ɗauki rajista da kansa. A aji mai yara 60, ya fara daga suna na 3 ya riƙa tsallake goma-goma: 3, 13, 23, har 53, littafi shida ke nan. Ya tabbata akwai na mata da na maza. In rajistar ta jera maza daban mata daban, ya ɗauki uku-uku. Mako na gaba ya fara daga wata lamba. Minti biyar ga kowane littafi, rabin awa ta wadatar. In lamba ta faɗa kan yaron da ba shi da littafi, kada a musanya shi da wani. A rubuta "ba shi da littafi", don wannan ma bayani ne da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ya kamata ya ji.

Aiki babu kwanan wata

Shafi ɗaya ba ya nuna ci gaba, sai an sami biyu an gwama. Kowane aiki ya ɗauki kwanan wata, kuma a ba da aiki iri ɗaya, mai nauyi ɗaya, a mako na 2 da mako na 10 na zangon karatu. Lambobi da kalmomi su canza, wahalar kada ta canza. In na biyun ya fi sauƙi, makin zai tashi ba tare da yaro ya motsa ba.

Makin CA na daren rufe zango

Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka shigo da batun auna ɗalibi a kai a kai maimakon a jira jarrabawa ɗaya ta ƙarshe, kuma har yau WAEC da NECO suna karɓar makin cikin makaranta na ɗaliban da za su zauna jarrabawarsu. Wasu makarantu suna ware wa CA maki 30, wasu 40. Abin da ke faruwa a wurare da dama shi ne, sai an zo cika katin sakamako malam ya zauna da jerin sunaye ya raba maki da ka: wannan mai natsuwa ne, 17, wannan ɗan surutu ne, 12.

Gane irin wannan ba wuya. Makin ajin gaba ɗaya zai taru tsakanin 12 da 18 cikin 20, babu mai 3, babu mai 20. Yaron da ya ci 35 cikin 40 a CA zai zo ya ci 9 cikin 60 a jarrabawa. Mafi sauƙi duka, a ɗora takardar makin kusa da rajista. A garuruwan bakin ruwa irin na yankin Yauri da Bagudo, ambaliya takan hana yara zuwa makaranta a farkon zangon farko, ga kuma lokacin girbi da ake janye wasu zuwa gona. In rajista ta ce yaro bai zo ba ranar gwaji amma ga makinsa a takarda, magana ta ƙare.

Ƙa'idar ita ce kowane maki ya zama akwai takardar da za a iya ɗagawa a ce ga inda ya fito. A tsayar da ranakun gwaji tun farkon zango, a shigar da maki cikin mako guda, a ɗaure takardun a ajiye har zangon ya ƙare. Wanda bai zo ba a rubuta "bai zo ba", kada a sa sifili, kada kuma a yi masa kyauta. Ladabi da tsabta suna da gurbinsu a katin sakamako. Kada a cusa su cikin makin lissafi.

Takardun malam

Lesin not mai kyau, da jan layi da sa hannun hedimasta, niyya ce aka rubuta. Wani an kwafo shi daga na bara, wani daga intanet, har da kayan koyarwar da makarantar ba ta taɓa mallaka ba. Dayari kuma yakan zama sikim ne aka sake rubutawa: mako na 6 an ce a koyar da kaza, to an koyar.

Ba a duba ɗayansu shi kaɗai. A zaɓi mako ɗaya, a shimfiɗa abu huɗu: sikim, lesin not, dayari, da littattafan nan shida. In sikim ya ce rabawa, dayari ya ce an yi, amma littattafan yara ba su da ko lissafin rabawa ɗaya a makon, an ga giɓin. A kuma dubi manufar darasin. "Yara za su fahimci ɗebewa" ba ta aunuwa. "Yara za su yi ɗebewa mai aro guda biyar, su ci huɗu" tana aunuwa. A ƙasan kowane lesin not malam ya ƙara layi biyu bayan darasi: yara nawa suka iya, me ya gagari sauran, me zai yi gobe. A ganinmu layukan nan biyu sun fi shafuka ukun da ke samansu daraja. Malamin da ya rubuta a dayari cewa bai gama ba, ya maimaita darasin makon jiya saboda rabin aji ba su gane ba, yabo ya cancanta. In aka tsawata masa, daga ranar dayarinsa ba zai sake faɗin gaskiya ba.

Mantawa da abin da ba a rubutawa

A aji 1 zuwa 3 babbar shaida a bakin yaro take. Karatun amshi, inda malam ya faɗa aji ya maimaita, yana ɓoye waɗanda ba su iya ba, don suna bin muryar wasu. Sai an kira yaro shi kaɗai. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana amfani da gwaji mai hawa-hawa a kan takarda ɗaya, kuma ana iya yin irinsa da Hausa: haruffa, gaɓoɓi irin su ba, ki, mu, kalmomi, gajeren sakin layi, sai labari. A rubuta matakin da yaro ya tsaya. Ga masu karanta labari, a ba su rubutu mai kalma 60 da ba su taɓa gani ba, a duba agogon waya minti ɗaya, a ja layi a kan kalmar da aka kuskure, a ƙirga na daidai. In ya cije a kan kalma daƙiƙa uku, a ce ya wuce. A ƙarshe a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. Yara goma a rana, minti biyu-biyu, aji mai 60 ya ƙare cikin kwana shida.

A lura da harshe. A ƙasar Zuru, ko wajen Kamba, ko a rugagen Fulani, akwai yaran da Hausa ma ba ita ake yi a gidansu ba, balle Turanci. Yaro yakan san amsar lissafi ko kimiyya, harshen tambayar ne ya tare shi. A sake yi masa tambayar da baki cikin harshen da ya fi ji kafin a rubuta cewa bai iya ba.

Ajiya

Gara, ɗigon rufi da ɓeraye sun cinye shaidu da yawa. Ba sai an tara komai ba: aiki uku ga kowane yaro a zango, na farko, na tsakiya da na ƙarshe, sun isa. A sa su cikin fayil ko ambulan mai sunansa, a zuba a akwatin ƙarfe, a ɗora a kan benci nesa da bango. Ɗaukar hoto da waya yana taimakawa, amma shafin za a ɗauka ban da fuskar yaro, kuma kada a tura aikin da ke ɗauke da sunansa zuwa zauren WhatsApp, musamman in mai rauni ne. Ƙarshen shekara kada a ƙona fayilolin tare da shara. A miƙa su ga malamin aji na gaba kafin a tafi dogon hutu, ya ware sunayen waɗanda suka tsaya a matakin gaɓa da waɗanda aro ya gagara, ya fara da su a makon farko na sabuwar shekarar karatu.