Yadda ake yawon Asabar a shaguna da rumfunan abincin Batagarawa

Batagarawa tana bakin birnin Katsina ta kudu, a kan titin Dutsin-Ma, yankin da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua take. Mai son yawo a gari irin wannan, lokutan abinci zai bi, don kowane abin ci da sa'arsa. Wanda ya fito ƙarfe 11 neman waina, ta kwando zai tarar, ta huce ta yi tauri.

Ka sauka daga Keke Napep wajen ƙarfe 7:30, sauran duk da ƙafa. Riƙe canji, 'yan 200 da 500, saboda mai ƙosai ba ta jiran tiransifa, sabis kuma yakan ɗauke. Ka fara da koko da ƙosai, ko waina daga kan tanda. Leƙa kaskon tukuna: man da ya yi baƙi yana kumfa ya sha suya, ɗacinsa zai biyo ƙosan. Kada ka cika ciki, da saura.

Da hantsi sai shaguna: masu tireda, teloli, masu yadi, masu kayan waya. Sallama tukuna, "Sannu da aiki, Baba, ya kasuwa?", kafin hannu ya kai kan kaya. Sabulu da sukari ba a taya su. Yadi, takalmi, tabarma, a nan ciniki yake. In ya ce "albarka", ƙara kaɗan, in ya sallama kuwa ka biya, domin tayawa a sallama maka ka fasa abin kunya ne, za a kuma riƙe fuskarka.

Rana na ɗagawa ka nemi inuwar masu fura. Nan ne ake yawan cutar baƙo. Kindirmo yana da kauri da gardi, yana kama bayan ludayi. Tsala an riga an cire mata mai, shi ya sa take tsararo. Wasu sukan sirka ta da ruwa, su zuba garin kwalɓar kuka don ta yi kauri, sai ka ji tsamin ya yi kaifi yana kama harshe. Ce mata, "Inna, a dama a gabana," ka kuma sayi ruwan leda ka miƙa mata. Fura biyu zuwa uku sun ishi mutum ɗaya.

Bayan Azahar a huta. A bazara tafiya a wannan lokaci wahalar da kai ce kawai.

Nama sai bayan La'asar, sa'ad da tukuba ta kankama. Nemi ɗanɗano kafin a yanka maka balangu. Tsiren kwana yana da alama: ƙulinsa ya yi duhu, naman ya ƙanƙance a jikin tsinke, an shafe shi da mai don ya yi sheƙi. Zaɓi ɗanye a kafa maka a bakin wuta, ka jira minti 15 zuwa 20. Yaji a ƙulle shi daban in za ka kai gida, in ba haka ba zai jiƙe. Ka kama hanyar birni kafin Magariba, don dare na yi abin hawa ke ƙaranci, kuɗinsa kuma ya hau.