Yadda ake ɗaukar ma'aikata a ƙaramin injin shinkafa a Kebbi

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, harkar shinkafa ta bunƙasa a jihar nan. Ga manyan kamfanoni irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, ga kuma ƙananan injina birjik a garuruwa. Sai dai mai ƙaramin inji zai kwana yana lissafin dizal da farashin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, amma da an zo maganar wanda zai tsaya kan injin, sai ya ce a kira ɗan ƙanwarsa da ke zaman kashe wando. Alhali injinka da na maƙwabcinka iri ɗaya ne, kasuwa ɗaya kuke sayen shanshera. In tasa ta fita fes taka ta fita da tsakuwa da karyayya, ka duba hannun da ke aikin.

Mataki na farko: rubuta aikin kafin ka tuna da kowa

Ɗauki takarda ka rubuta abin da ake yi daga ƙofa har sito: awo a sikeli, duba bushewar shanshera, jiƙo da turarawa, shanya, casa, tsince tsakuwa, ɗinkin buhu, rubuta shiga da fita, karɓar kuɗi. A gaban kowanne ka rubuta abin da yake buƙata da gaske. Za ka ga ƙarfin ƙirji a wurin dako da lodi kawai ake nemansa. Sauran ido ne, da lissafi, da haƙuri, da amana. Wannan takardar ita za ta nuna maka cewa mai kula da sikeli ba sai yana da ƙafa biyu lafiyayyu ba, kuma akawu ba sai namiji ba.

Kada ka ɗora sharaɗin takardar makaranta inda ba ta da amfani. Akawu yana buƙatarta. Mai turara shinkafa ba ruwansa da difloma.

Mataki na biyu: kai sanarwa inda mutanen suke

A nan mafi yawanmu ke rufe ƙofa ba mu sani ba. In a majalisarka kaɗai ka faɗa, abokan majalisa da 'ya'yansu kaɗai za su zo. Ka liƙa sanarwa da Hausa, boko da ajami in da hali, ka kuma yi ta da murya a WhatsApp saboda wanda ba ya karatu ko ba ya gani. Ka aika wa shugabar matan da ke gumin shinkafa, wato turara shanshera, a unguwa. Ka sanar da sarkin guragu da sarkin makafi, da reshen ƙungiyar masu buƙata ta musamman, JONAPWD. Don akawu da bakanike, ka leƙa kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ko jami'ar Aliero, ko ta aikin gona da ke Zuru.

Kuma ka tuna Kebbi ba Hausa kaɗai ake ji ba. Mai jin Zabarmanci a wurin ciniki zai riƙe maka 'yan kasuwar da ke zuwa ta Kamba da Dole Kaina. Mai jin Fulatanci shi zai sayar maka da dusa ga makiyaya ba tare da tafinta ba. In cikin ma'aikatanka akwai Kirista daga ƙasar Zuru ko Yauri, ranar Juma'a da ranar Sallah akwai mai tsaron wuri, su ma ranar Lahadi da Kirsimeti a tsare musu. Na fi son a dubi wannan ta fuskar riba, domin abin da aka yi don tausayi kaɗai, ranar da ciniki ya ja baya shi ake fara yankewa.

Mataki na uku: gwaji da hannu

Gani ya kori ji. Ka sa rana ɗaya, kowa ya zo, kowa a ba shi gwaji iri ɗaya. Mai neman sayen shanshera, ajiye masa buhu uku: ɗaya busasshe, ɗaya mai danshi, ɗaya an cakuɗa masa yashi a ƙasa. Ka zuba ido. Wanda ya san aiki ba zai tsaya a bakin buhu ba, zai zura hannu har gwiwar hannu, ya damƙo, ya murza a tafi, ya ciji ƙwaya ɗaya. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta lotsa a haƙori, da sauran ruwa. Sai ka gwada maganarsa da na'urar auna danshi, wadda ya kamata ta nuna wajen kashi 14 cikin 100 ga shanshera da ta isa casa. Kada ka yi mamaki in dattijuwar da ta shekara ashirin tana gumi a tukunya ta kayar da mai kwalin digiri a wannan gwajin. Matan nan sun san lokacin da ɓawo ya fara tsagewa a sauke, sun san shanyar da ta yi gaggawa ita ke karya ƙwaya a inji.

Mai neman akawu, ba shi rasit goma da ka saka kuskure ɗaya a ciki da gangan, ka ga ko zai gano. Mai neman inji, ya kunna, ya saurara, ya faɗa maka in bel ya saki. Wanda ya wuni yana gwaji ka biya shi ladan wuninsa, ko ba ka ɗauke shi ba.

Tambayoyin baki kuwa, ku zauna ku biyu, kowa ya rubuta makinsa daban kafin ku haɗa. In mace ce ke gabanku, a samu mace cikin masu tambaya. Bar tambayar ɗan gidan wa ne, ko yaushe za ki yi aure. Ba su gaya maka komai game da shinkafa.

Sai babbar matsala, wato 'yan uwa. Kawu zai zo da asuba ya ce ga yaronka nan, a ba shi abin yi. Ba a ce wa kawu a'a. Abin da za ka ce shi ne: "To Kawu, Allah ya ƙara girma. Ranar Talata ake gwaji, ya zo da wuri, zan sa a duba shi da kyau." In ya ci, madalla, ka samu ma'aikaci kuma ɗan uwa. In bai ci ba, taimaka masa daga aljihunka, kada ka ɗora shi kan sito. Ɗan uwan da ba ka iya sallama, ranar da buhu ya ɓace shiru za ka yi, sauran ma'aikata kuma suna kallo.

Mataki na huɗu: rubuta yarjejeniya

Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki: irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu, da wa'adin sallama. A karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma ya hau kan mai ma'aikata 25 zuwa sama. Ko ba ka kai nan ba, da shi ma'aikacinka zai auna ka. Wanda ya cika shekara yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa. Mai juna biyu tana da sati 6 kafin haihuwa da sati 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 tana aiki, sannan mai shayarwa a ba ta rabin awa sau biyu a rana. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin gwamnati. Wannan kason bai hau kanka ba, amma hanin nuna wariya ya shafi kowa.

Aiki ɗaya, albashi ɗaya. Kada ka rage wa gurgu ko bazawara don ka san ba su da zaɓi.

Mataki na biyar: gyara wurin yadda za su zauna

Ɗauka ba ta da wuya, riƙewa ce aiki. Yawancin gyaran buhun siminti ɗaya ko biyu ne: gangara a bakin ofis don mai keke, wadda baro ma zai more ta, da teburin sikeli da aka rage wa tsawo. In kana da kurma, sa fitila mai walƙiya da ke kamawa kafin inji ya tashi, ka kuma sa mutum biyu su koyi maganar hannu daga wurinsa. Mata a ware musu makewayi da wurin sallah, a tashe su kafin magariba. Waɗanda ba sa fita, a kai musu shanshera gida da awo, a karɓa da awo, kuɗin kuma ya shiga hannun mai aikin ko asusunta, ba ta hannun wani ba. Takunkumin ƙura da abin toshe kunne na kowa ne.

Abu na ƙarshe da masu inji ke mantawa: kusan kowane ma'aikacinka manomi ne. Lokacin dashe da yankan shinkafar rani a fadamun Argungu, Augie, Suru da Bunza, za su tafi ko ka yarda ko ba ka yarda ba, kuma daidai lokacin yankan ne shanshera ke shigowa. Tun wata guda kafin nan ku zauna ku raba kwanakin, wane ya tafi wannan satin, wane sati mai zuwa. Kowane aiki a samu mutum na biyu da aka koya wa, musamman inji da littafin sito, a kuma ƙara wa mai koyarwar wani abu a albashin watan da ya koyar.