Kurakuran da aka fi yi in ana hirar gwamnatocin kama-karya na masu ra'ayin riƙau

Duk lokacin da rayuwa ta yi tsada a Kano, zancen nan yakan dawo majalisun dare na Fagge da Gwammaja, ya shiga shirye-shiryen rediyo da Facebook: ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an samu shugaban da ba ya wasa. Daga nan sai a fara jero sunaye, wani ya kawo Hitila, wani ya kawo Pinochet na Chile, wani ya ce a dubi Koriya ta Kudu. Takaicin da ke sa mutane faɗin haka na gaske ne, amma tarihin da ake jingina da shi yawanci a karkace yake.

Inda aka fi zamewa shi ne cusa kowane azzalumin shugaba a buhu ɗaya. Stalin da Pol Pot da Mengistu na Habasha sun kashe jama'a masu ɗimbin yawa, amma da sunan gurguzu suka yi. Waɗanda muke magana a kansu da'awarsu daban ce: su ne masu tsare ƙasa da tsohon tsari da dukiyar masu dukiya daga wani maƙiyi na cikin gida, wanda yawanci yakan zama 'yan gurguzu, ko ƙungiyoyin ƙwadago, ko wata ƙabila marar rinjaye. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce ka duba wa aka fara kamawa. Ana yawan cewa ai Hitila ɗan gurguzu ne saboda akwai kalmar gurguzu a cikakken sunan jam'iyyarsa ta Nazi. To sansanin tsare mutane na Dachau da gwamnatinsa ta buɗe a watan Maris na 1933, 'yan gurguzu da 'yan jam'iyyar ma'aikata aka fara zubawa a cikinsa, kuma ranar 2 ga Mayu na shekarar aka rushe ƙungiyoyin ƙwadago na Jamus baki ɗaya.

Akwai kuma juyin wannan kuskuren, wanda ya fi kama mu da muka tashi a gidajen NEPU da PRP: duk mai ra'ayin mazan jiya sai mu kira shi ɗan kama-karya. Konrad Adenauer na Jamus riƙaƙƙen ɗan mazan jiya ne, amma 'yan Nazi sun tsige shi daga magajin garin Cologne a 1933, sun ɗaure shi a 1944, kuma shi ya jagoranci Jamus ta Yamma ta hanyar zaɓe daga 1949 zuwa 1963. Wanda ya yarda da kotu da jarida da ranar sauka, ko ba ka son ra'ayinsa, ba ya cikin wannan sahun.

Mu da muka saba jin kiɗan soja a rediyo da asuba, mukan ɗauka duk da tankar yaƙi suka hau. Wasu haka ne: Franco ya ci yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939, Pinochet ya kifar da zaɓaɓɓen shugaban Chile Salvador Allende ranar 11 ga Satumba 1973. Amma Musolini sarkin Italiya ne ya naɗa shi firaminista a Oktoban 1922. Salazar na Fotugal farfesan tattalin arziki ne a jami'ar Coimbra, aka gayyato shi ya riƙe ma'aikatar kuɗi a 1928, ya zama firaminista a 1932, bai sauka ba sai da ciwo ya kwantar da shi a 1968. Hitila bai taɓa samun rabin ƙuri'u a zaɓe na gaskiya ba. Mafi yawan abin da jam'iyyarsa ta samu shi ne kashi 37 cikin ɗari a Yulin 1932, kuma a Nuwamba ta koma kashi 33. Manyan 'yan mazan jiya irin su Franz von Papen ne suka lallashi shugaba Hindenburg ya naɗa shi ranar 30 ga Janairu 1933, a tunaninsu za su juya shi yadda suke so. Kura suka ba ajiyar nama. Wata ɗaya bai cika ba ginin majalisa ya kama da wuta, washegari aka dakatar da 'yancin magana da na taro da sunan dokar ta-ɓaci, kuma ba a maido da su ba har gwamnatin ta faɗi a 1945. Don haka in kana nazarin ɗayansu, ka nemi sunayen waɗanda suka buɗe masa ƙofa da abin da suke tsoro a lokacin.

Wanda ya fi damuna shi ne yabon Hitila da Musolini da nake gani a bakin wasu matasanmu, musamman in zuciya ta ɓaci kan abin da ake yi wa Falasɗinawa. Fushin yana da dalili, amma ba ya wanke wanda ya kashe Yahudawa miliyan 6, mata da yara da tsofaffi, kuma Hitila bai ɗauki baƙar fata a bakin komai ba. A 1937 gwamnatinsa ta yi wa ɗaruruwan yaran Jamus da ubanninsu 'yan Afirka ne aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya. A 1940 sojojinsa sun ware baƙaƙen sojojin Faransa da suka kama, 'yan Afirka ta Yamma, suka harbe su a wurare irin su Chasselay. Musolini kuwa, gwamnatinsa ce ta tsare mutanen gabashin Libiya a sansanoni inda dubbai suka mutu, ta rataye Umar Mukhtar, malamin Alƙur'ani ɗan ɗariƙar Sanusiyya, ranar 16 ga Satumba 1931. A 1935 ya afka wa Habasha har da iskar guba. Bayan duk wannan, a 1937 ya je Tarabulus aka miƙa masa takobi yana kiran kansa mai kare Musulunci. Kakanninmu ba a gefensu suka tsaya ba. A yaƙin duniya na biyu, sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka kori Italiya daga Somaliya da Habasha a 1941, kuma filin jirgin saman Kano zango ne a hanyar jiragen yaƙi da ke tashi daga Takoradi zuwa Masar.

Wannan ɗabi'ar ta yafa rigar addini ba ta tsaya a Turai ba. A Indunusiya, lokacin da Suharto ke karɓe iko a 1965 da 1966, an kashe mutum kusan rabin miliyan ko fiye da sunan kawar da 'yan gurguzu, kuma sojoji sun yi amfani da wasu ƙungiyoyin matasa na addini wajen aikin. A 1984 sojojin gwamnatin nan ɗin suka buɗe wa Musulmi masu zanga-zanga wuta a Tanjung Priok. Jawabin shugaba a masallaci ko coci ba hujja ba ce. A duba abin da ya yi wa malaman da suka ce masa a'a.

Sai batun cewa ko ba komai sun gyara tattalin arziki. A Chile, inda aka tabbatar da kashewa ko ɓatar da mutum fiye da 3,000, arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 14 cikin ɗari a 1982, har gwamnati ta karɓe manyan bankuna don kada su durƙushe, daga baya kuma aka bankaɗo asusun Pinochet na ɓoye a wani banki na Amurka. Sojojin Ajantina sun mulki ƙasar daga 1976 zuwa 1983, suka bar bashin waje ya ninka kusan sau biyar. Bayan shekaru arba'in na Salazar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Fotugal ba su iya karatu ba a 1970. Gaskiya ne Koriya ta Kudu ta bunƙasa a ƙarƙashin Park Chung-hee, amma an raba wa manoma gonaki tun 1950 kafin zuwansa, kuma janar ɗin da ya ƙwace iko bayansa ne ya sa aka harbe mutanen Gwangju a 1980. Duk wanda ya kawo maka Park, ka tambaye shi Mobutu na Zayar da Marcos na Filifin, da suka bar ƙasashensu cikin bashi, ka kuma tuna masa Botswana da ta bunƙasa tun daga 1966 ba tare da ta daina zaɓe ba.

Game da hannun ƙasashen waje, kuskuren kashi biyu ne: masu musun sa da masu ɗora masa komai. Amurka da Ingila sun shirya kifar da firaminista Mossadegh a Iran a 1953, Amurka ta yi wa Allende zagon ƙasa. Amma masu manyan motocin dakon kaya da suka yi yajin aiki a 1972 'yan Chile ne, haka 'yan majalisar da suka zargi gwamnatinsa da karya tsarin mulki a Agustan 1973. Mukan kuma manta cewa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu tana cikin wannan dangi. Da dokar murƙushe gurguzu ta 1950 ta riƙa rufe bakin 'yan ANC, kuma shigar sojojinta Angola ce ta sa gwamnatin Murtala Muhammad ta goyi bayan ƙungiyar MPLA ta 'yan gwagwarmayar Angola a ƙarshen 1975.

Ba kuma duka ne yaƙin duniya ya kawar ba. Franco a kan gadonsa ya mutu a 1975, Pinochet ya faɗi ƙuri'ar raba-gardama a 1988, janar-janar na Ajantina sun gurfana gaban kotun farar hula a 1985. Gwamnatin Fotugal kuwa Afirka ce ta karya ta: ƙananan hafsoshin da suka gaji da yaƙi a Angola da Mozambik da Gini Bisau, inda mayaƙan Amílcar Cabral suka hana su sakat, su ne suka kifar da ita ranar 25 ga Afrilu 1974, kuma kafin ƙarshen 1975 ƙasashen uku duk sun samu 'yancin kai.