Yadda zaka duba wayar faiba in intanet ɗin gida ya ɗauke

Ita fa wannan waya ba lantarki ke gudu a cikinta ba, haske ne, zaren gilashi ne siriri kamar gashi. Tun 1966 masanin kimiyya Charles Kao ya nuna cewa in aka tace gilashi sosai zai kai saƙo nesa, sai 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irinsa. Shi ya sa ba'a riƙe ta irin riƙon wayar wuta.

In intanet ya ɗauke fara duba akwatin intanet ɗin da wayar ke shiga, in ka ga fitilar da aka rubuta LOS (alamar ɓacewar sigina) tayi ja to hasken ne baya isowa. Bi wayar da hannu a hankali ka ga ko ƙofa ta matse ta ko ɓera ya ci ko wani ya ƙudundune ta bayan kujera, don lanƙwasa mai tsanani kaɗai ta isa hasken ya zube, in dole sai ka naɗe ta to bar zagayen da faɗi sosai.

Sai kan wayar. Zare shi, amma don Allah kar ka leƙa cikinsa, hasken leza ne ido baya ganinsa kuma yana iya yiwa ido illa. Goge bakin da ƙyalle mara zare-zare da ɗan sifirit, kar yatsa ya taɓa, ƙura kaɗan ta isa toshe hanyar tunda faɗin tsakiyar zaren da hasken ke bi kusan mikron 9 ne kawai, wato kashi 9 cikin dubu na milimita. Kan wayar da ramin da yake shiga suna da launi, kore da kore ake haɗawa, shuɗi da shuɗi, in ka cakuɗa sigina zai faɗi.

In ta karye kuwa manta da salatif, kira ma'aikatan kamfanin suzo da injin da ke narkar da bakunan biyu ya haɗe su.